Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Silifa, Kwaɗo da Jakin Kawuna

Makon jiya na tsaya ne a inda aikin sito na tashar jiragen ruwa ya ƙare, na koma zaman gida a Rotadam, ƙasar Holan, ina karɓar ƙananan ayyukan fassara daga Holanci zuwa Turanci. Takardun haya, littafin bayanin injin wanki, wasiƙun haraji, duk abin da ya samu dai a rufa asiri.

A saman benenmu akwai wata tsohuwa mai koyar da gogen Turawa, wanda Holanawa ke kira viool. Mun daɗe muna jin ɗalibanta ta rufin ɗaki, har uwargida ta ƙware wajen gane sabon shiga. Da ta ji sai ta ce, "Maigida, yau ma an kawo wata akuyar yanka." Wata rana tsohuwar nan ta tare ni a matakala da wani tsohon fayil. Darussanta ne da ta buga da tafireta tun tana da ƙuruciya, kuma yanzu yawancin ɗaliban da ke zuwa mata baƙi ne, ba sa jin Holanci, shi ya sa take so in juya mata su zuwa Turanci. Ko buɗe fayil ɗin ban yi ba na ce mata mako biyu ya ishe ni. Mutumin da ya fassara injin wanki, me zai gagare shi?

Layin farko ya tsayar da ni. Ta rubuta a fara "strijken" daga "slof". Strijken dai na san shi, gugar kaya ce, dutsen guga ma strijkijzer suke ce masa. Slof kuwa silifar zaman ɗaki ce. Na san ba guga ake nufi ba, ban kai nan a wauta ba, amma silifar sai na bar ta yadda ƙamus ya ba ni. Haka na bi shafi goma: kam na mai da shi mataji, stapel na mai da shi tulin kaya, toets na ce jarrabawa, tunda abin da 'yata ke kawowa daga makaranta ke nan.

Na kai mata. Ta karanta, ta cire tabarau, ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce in zauna, ta ɗauko gogen ta ɗora mini a cinya.

Ta fara da sandan gogawa. Can ƙarshen da ake riƙewa akwai wani ɗan baƙin katako da gashin doki ke shiga cikinsa, da ƙusa a baya wadda ake murzawa gashin ya ɗaure ko ya saki. Shi ne silifar. Da Turanci kuma sunansa frog, wato kwaɗo. Na ce, "Malama, to mene ne laifin silifata, idan su kwaɗo suka ce?" Ta ce laifinta ɗaya, babu makaɗin da zai gane ta. Matajin kuwa shi ne siririn katakon da ke tsaye yana ɗauke da tsirkiya huɗu, Turawan Ingila suna ce masa bridge, gada. Jarrabawar ita ce baƙar farfajiyar da yatsu ke takawa, fingerboard.

Stapel ne ya fi tsaya mini a rai. Ta kunna fitilar waya ta haska ta ɗaya daga cikin ramukan nan biyu masu siffar harafin f, ta ce in leƙa. Wani ɗan tsinke ne a tsaye tsakanin saman gogen da bayansa, kaurinsa kamar milimita 6 ne, ya yi kusan kaurin fensir. Ba a manna shi da gam, matsin katakon ne kawai ke riƙe da shi, kuma in aka gusa shi ɗan kaɗan muryar gogen gaba ɗaya sai ta sauya. Da Turanci sound post ne. Faransawa kuwa âme suke ce masa, wato rai. Ni kuma na rubuta tulin kaya.

Daga ranar na sauya tsarin aiki. Kullum da yamma in hau sama da littafina, ta yi abin da hannu in gani, sannan in nemi sunansa. Afstreek jan sanda ne daga silifa zuwa tsini, down-bow, opstreek kuma komawa, up-bow. Na yi gardama a nan, domin mai kaɗa cello, babban gogen nan da ake kafawa a ƙasa, hannunsa gefe yake tafiya, ba ƙasa ba. Ta ce haka aka gada, in rubuta in yi shiru. Losse snaar ba sakakkiyar tsirkiya ba ce kamar yadda na zata, wadda ba a danna da yatsa ba ce, open string. Flageolet ya kusa sake kayar da ni, don kalmar tana cikin Turanci, amma can wata ƙaramar sarewa ce. Sautin nan siriri da ake samu in an taɓa tsirkiya sama-sama harmonic ake ce masa. Sai kuma ta tilasta mini in zaɓi Turancin da zan bi, domin kwartnoot, wata alamar tsawon sauti a rubutun kiɗa, a Amurka quarter note ne, a Ingila crotchet. Kalmomin Italiyanci da Faransanci irin su pizzicato da détaché ta ce kada in taɓa su, duk makaɗan duniya da su suke magana. Wannan kaɗai ne hutun da na samu.

Abin da ban faɗa mata ba a makon farko shi ne kawuna ɗan goge ne. A gidanmu ba a ambaton sana'arsa. Mahaifina, Allah Ya jiƙan sa, yana ganin goge kayan bori ne da gidajen giya, kuma sau ɗaya da ya kama ni a zauren kawu na sha bulala. Na manta da zancen shekara kusan talatin, sai ranar da tsohuwar ta ɗauko wani dunƙule mai kama da alewa, hars a bakinsu, rosin da Turanci, ta shiga shafa wa gashin sanda. Warin ya mai da ni zauren nan, kawu yana shafa ƙaro a izga, ƙoƙon gogen da fatar guza a cinyarsa.

A daren na zauna ina juya kalmar strijken, sai na ga abin da ya kamata in gani tun layin farko. Mu ma daga goga muka samo guga, daga goga muka samo goge. Inda Turanci ya raba guga daban, jan sanda daban, Holanci da Hausa wuri ɗaya suka ajiye su.

Na kira kawu da safe. Ya tsufa, kunne ya yi nauyi, sai da na ɗaga murya. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, ɗan katakon nan da tsirkiya ke hawa, me kuke ce masa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Jaki mana. Shi ke ɗaukar kaya. Kai da aka hana ka zaurena, me ya kai ka tambayar jaki?"

Aikin mako biyu wata uku ya ci. Ranar da na kai mata shafin ƙarshe na ba ta labarin jakin, ta rubuta shi da fensir a gefen shafin matajinta, sannan ta tambaye ni ko kawun nawa zai yarda ya kaɗa mata ta waya. Yadda aka yi wannan kiran, da abin da mahaifiyata ta ce da labari ya kai mata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.