Lambar da ke kan allo ba ita ce zafin inji ba

A masana'antun roba irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, ba wuta mai ci bal-bal ce ta fi ƙona ma'aikata ba, domin ita kowa na ganinta ya kauce. Mai ƙona mutum shi ne injin da ya yi tsit, allonsa na nuna ƙaramar lamba, alhali cikinsa na tafasa. Kusan duk darussan wannan aiki daga nan suka samo asali.

Na'urar da ke daidaita zafi makauniya ce, abin da wayar jin zafi ta faɗa mata shi take bi. Wannan waya ita masu gyara ke kira tamokoful. In ta sulluɓe daga raminta, sai ta koma auna iska. An sa wa na'ura digiri 230, tana ganin 150, sai ta sakar wa hita wuta ba ƙaƙƙautawa. In an juya bakin wayoyin biyu wajen ɗaurawa, ƙarfe na ƙara zafi lamba na sauka. Wanda ya fi yaudara kuwa shi ne a sayo waya samfurin K a ɗaura wa na'urar da aka saita a kan samfurin J: allo zai nuna 230 cif, ƙarfen kuwa ya doshi 300, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Don haka in fitilar hita ta daɗe a kunne lamba ba ta motsi, ko hanci ya ji ƙauri, a yanke wuta tukuna, tambaya ta biyo baya. Robar PVC in ta wuce kima tana fitar da hayaƙin asid mai cin maƙogwaro da ido, kuma ba a taɓa haɗa ta da robar asital a inji ɗaya.

Akwai kuma makunnin lantarki da ake kira SSR, wanda ke buɗe wa hita wuta ya rufe. Mugun halinsa shi ne in zai lalace, yawanci a kunne yake mutuwa. Na'ura ta ce a tsaya, wuta na ci gaba da shiga. Shi ya sa ake sanya mai gadi na biyu, da wayar jin zafinsa daban da kontaktansa (makunnin da ke yanke wutar hita) daban, wanda zai katse wuta in zafi ya haura iyaka. Abin takaici, shi ne abin da ake fara ɗaurewa da guntun waya in ya cika tsayar da aiki. Wanda ya yi haka ya cire birkin mota ne don yana ƙara.

Injin ɗumama mazubi mai amfani da ruwa ya fi kama da salihi. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma a cikin rufaffen bututu ana kai shi 140 bai tafasa ba, saboda matsin da ke danne shi, wanda ba ya gaza ninki uku na matsin iskar da ke kewaye da mu. Da an kwance tiyo matsin ya kuɓuce, wani ɓangare na ruwan ya koma tururi nan take, kuma kowace lita da ta koma tururi tana kumbura kusan sau 1,700, ta watso sauran ruwan a fuskar mai kwancewa. Ga yadda ake yi: a kashe hita a bar famfo na juyawa, a jira zafi ya sauko ƙasa da digiri 50, a kashe famfo, a rufe bawul na shiga da na fita, a sauke babban makunni a datse shi da kwaɗo, makullin kuma ya shiga aljihun mai aikin, ba aljihun shugaban sashe ba. Sannan a buɗe bawul ɗin zubarwa sannu a hankali, ana tsaye daga gefe. Ko allurar gejin matsi ta kwanta a sifili kada a saki jiki, domin dattin da ruwa ke tarawa kan toshe bakinta. Digiri 50 ɗin ba son wahalarwa ba ne: ruwa mai digiri 60 na iya salluɓe fata cikin daƙiƙa biyar.

Injin ɗumama mazubi mai amfani da mai yana da nasa sharrin. Ruwa kaɗan a cikin man ya isa ya sa famfo kakari, tanki ya yi aman mai mai zafi. Bayan canjin mai ko gyara, a tsaya wajen digiri 100 zuwa 120 har tururi ya daina fita kafin a ƙara. Man da ya ɗiga ya jiƙa audugar da aka naɗe bututu da ita kuma yana iya kama wuta da kansa, sau da yawa daidai lokacin da aka yaye murfi iska ta shiga. A canza audugar, gogewa ba ta wadatarwa.

In an ɗauke wuta, famfo ya tsaya amma hita na nan da zafinta, man da ke kewaye da ita ya ƙone ya zama gawayi. Kafin a tada janareta a mai da makunnin hita kashe, famfo ya fara tashi, hita ta biyo baya.

Bakin injin da roba ta daskare a ciki, akwai narkakkiya a bayansa cikin matsi. Ba a leƙa shi, ba a tsokale shi da ƙusa. A sauke murfin kariya, a sa garkuwar fuska.

Sutura: auduga mai dogon hannu, ba yadin roba da ke narkewa ya manne a fata ba, ba kuma riga mai sakakken hannu ba. Safar hannu ta zane in ta jiƙe da mai mai zafi, ta zama ita ce ke dafa hannun, a fizge ta nan take.

In tsautsayi ya faɗa, ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa ƙwai, ko makilin, ko manja, ko baƙin mai. Robar da ta manne a fata kada a ɓamɓare ta, a sanyaya ta yadda take, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti.