Abin da na koya a bakin tafkin masu fatsa

Da dama daga cikin tafkunan da ake fatsa don nishaɗi a Ingila tsofaffin ramuka ne da aka haƙi tsakuwa, daga baya ruwa ya cika su. A ɗaya daga cikinsu na yi aikin sanin makama lokacin da nake karatun kula da muhalli. Masu fatsa a can ba don miya suke kamu ba. Mutum zai kama kifi, ya auna shi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne rayuwar tafki a gefensa take. Mai biyan kuɗin shiga yana son gaɓa a share tas, kada ƙugiyarsa ta maƙale. To amma ciyawar nan da ke tsaye cikin ruwa mara zurfi, da bado, da reshen da ya faɗo ya nutse, nan kifi ke zuba ƙwai, nan 'ya'yansa ke ɓuya daga tsuntsaye masu nutso. Kwaɗi da mazari ma nan ne gidansu. Shi ya sa muke yanke 'yar kafa daidai wurin zaman mutum ɗaya, mu bar sauran yadda yake. Idan za a rage ciyawa, sai bayan tsuntsaye sun gama ƙyanƙyasa, kuma ba duka a shekara guda ba.

Cika tafki da kifi ma ɓarna ce, ko da yake masu wurin ba sa son jin haka. Manyan kifayen da ake kira "carp" da Turanci suna tonon laka, ga abincin da ake watsa musu yana ruɓewa a ƙasa. Ruwa ya gurɓace, hasken rana ya kasa ratsa shi, tsirrai su mutu.

Labarin darma ne ya fi taɓa ni. Tsuntsun suwan, farin nan mai dogon wuya, yana haɗiyar tsakuwa don niƙa abinci a ƙundunsa, sai ya riƙa haɗawa da ƙananan darmar da masu fatsa ke ɗaurawa a zare don ƙugiya ta nutse, suke kuma yarwa. Guba ta kashe su da yawa. A 1987 aka haramta yawancin irin wannan darma, kuma bayan haka yawan tsuntsun ya farfaɗo sosai. Ba a hana kowa fatsa ba, abin ɗaurawa a zare kawai aka sauya.

Karen ruwa kuwa, da maganin ƙwari ya kusa ƙarar da shi a Ingila, ya dawo, kuma yana cin kifi mai tsada. Doka ta hana kashe shi. Don haka ake kewaye tafkin kifin da waya, a bar masa kogi da rafukan da ke kusa. Sati-sati muke zagaya shingen, muna duba inda ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinsa.