Ƙofar da na ƙera ta fi ɗakina tsada

Shagon walda gare ni a Nima, cikin mazaɓar Ayawaso ta Gabas a Accra. Ni da yara huɗu ne, muna ƙera ƙofar gida, ƙarfen taga, da gadon ƙarfe idan makaranta ta ba da aiki. Yawancin ƙofofin da suke fita daga hannuna ba a unguwarmu ake kafa su ba. Unguwannin masu kuɗi suke tafiya, East Legon, ko Cantonments, ko unguwar filin jirgi. Watan jiya mun ɗora wata a aboboya, wato babur ɗin kaya mai ƙafa uku, kuɗinta ya fi hayar ɗakina ta shekara biyu.

Ba hassada nake yi ba, Allah Ya ƙara musu, da su muke ci. Abin da ke damuna shi ne kusancin. Daga shagona zuwa fadar shugaban ƙasa, Jubilee House, da ƙafa ma za ka je. Ga babban Masallacin Ƙasa a Kanda, wanda aka buɗe a 2021, kana hango hasumiyarsa daga lungunmu. Amma ƙaramin yarona, kafin ya iso aiki da safe, sai ya bi layin bayan gida na haya, ya biya, don gidansu babu.

Wuta ce ran walda. Katin wutar da na saya ranar Litinin ba ya ganin Juma'a, idan kuma aka ɗauke sai mu zauna muna kallon ƙarfe. A ƙarshen 2022, da hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari, na karɓi kafin alƙalami na ƙofa uku. Kafin in je sayen bututu da faranti kuɗin biyu kawai ya isa. Na cika alkawari, amma sai da na sayar da injin yankan ƙarfe ɗaya. Wanda ya ba ni hayar shagon kuma kuɗin shekara biyu yake so a dunƙule, alhali doka wata shida ta ce.

Da damina aikin wani iri ne. Hadari na haɗuwa muke ɗaga injin walda mu ɗora kan tebur, don kwata tana cika da leda, ruwa ya shigo har ƙauri. Duk wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka ci mutane sama da 150 a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ba ya wasa da ruwan Accra.

Kusan kowane mako uwa takan kawo mini ɗanta. "Maigida, ka riƙe shi don Allah, kada titi ya riƙe shi." Shagon taku shida ne, rabin aikin ma a bakin hanya muke yi, tartsatsi na tashi kusa da mai wake da shinkafa. Ina zan sa shi? Na mayar da uku bana, kuma har yanzu fuskokinsu ba su bar ni ba.

An kafa Asusun Raya Zango a 2017 don unguwanni irin namu, mun yi murna. Lokacin zaɓe kuwa 'yan takara kan shigo da riguna da kanofi, wasunsu ma a nan aka yanke musu cibiya. Na faɗa wa ɗaya a gaban jama'a: Alhaji, ba riga muke nema ba. A ba mu fili mai rufi da wuta tsayayya inda mai walda, kafinta da makanike za su ɗauki yara goma-goma, a yashe kwata kafin watan Mayu. Ya ce ya ji, ya sa yaronsa ya rubuta.

Jibi za mu kai wata ƙofar East Legon. Fenti ya rage, in an bar mana wuta yau mu gama goge ta.