Mikiya Mai Kai Biyu da Sauran Mikiyoyin Shagona

Shagona ƙarami ne a Sabon Garin Zariya, kuma sana'ata ita ce saye da sayar da tsofaffin kuɗin ƙarfe, tun daga anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa har zuwa kwandalolin ƙasashen waje. Masu sayena yawanci malamai ne da ɗalibai daga Samaru, sai kuma maƙeran farin ƙarfe da ke neman azurfa. Yawancin masu tara kuɗin nan hoton mikiya suke fara tambaya.

Mikiyar farko da kowa ya sani ita ce ta tambarin Nijeriya, wadda ke saman garkuwa tsakanin dawaki biyu. Tana jikin tsabar da aka fitar a 1973 lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, kuma mai kwabo 25 ta fi tafiya a nan saboda dalar gyaɗar da ke ɗaya fuskar. Sai dai mikiyar ta yi ƙanƙanta, da wuya a ga gashinta.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce mikiya mai kai biyu da ke bayan dalar Mariya Tareza, sarauniyar ƙasar Ostiriya ta dā. Fatake sun shigo da wannan azurfa ƙasar Hausa ta hanyar Sahara tun kafin zuwan Turawa, maƙera kuma suka riƙa narka ta suna ƙera zobba da mundaye, shi ya sa har yau ake tsintar ta a cikin adakar tsofaffi, wani lokaci da ɗan kunne da aka liƙa mata don ratayawa. Fukafukanta a buɗe suke, kambi na bisa kawunan, garkuwa ta rufe ƙirjinta. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗori. Abin da ke haɗa ni gardama da masu kawo ta shi ne shekarar 1780 da ke jikinta, domin shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga dalar da wannan shekara har zuwa zamaninmu. Wata dattijuwa ta taɓa kawo mini guda uku tana sa ran samun kuɗin sayen gida, na ce mata, “Hajiya, ki yi haƙuri, darajarsu ba ta wuce ta azurfarsu da yawa ba.” Ta sayar mini da biyu, ta koma da ɗaya don jikarta.

Na Amurka kuwa, dalar Morgan da aka fara bugawa a 1878 ita ce aka fi kawo jabunta. Nakan ɗora ta a sikeli, in kusanto mata da maganaɗisu, sannan in ƙyasta ta in saurari amonta, domin azurfa ta gaske tana da doguwar ƙara. Daga nan sai in duba gashin ƙirjin mikiyar da madubin ƙara girma, tun da wurin ne ke fara shafewa idan kuɗi ya sha hannu. Babbar asarar da nake gani ita ce ta masu goge tsaba da toka da lemon tsami don ta yi ƙyalli kafin su kawo. Gugar takan cinye gashin nan, farashin kuma ya faɗi nan take.