Kalmomi huɗu da na soke a labarin makamai masu guba

Ranar Asabar 8 ga Yulin 2023 na shiga ɗakin watsa shirye-shirye da takarda mai shafi biyu, ina jin na riƙo labarin da ya fi kowanne daɗi a makon. Kwana ɗaya kafin nan hukumar OPCW da ke birnin Hague, mai kula da yarjejeniyar haramta makamai masu guba, ta tabbatar Amurka ta lalata na ƙarshe a rumbunta: roka mai ɗauke da gubar sarin, a ma'ajiyar soja ta Blue Grass a jihar Kentucky. Mun yi watanni muna ɗura wa masu sauraro yaƙin Sudan da na Yukren. Na ce yau dai a ji abin da zai sanyaya rai.

Sanarwar cewa ta yi an gama lalata duk makamai masu guba da ƙasashe suka bayyana. Da na fassara sai jimlar ta yi mini tsawo. Ga talla tana jira, ga mai haɗa sauti yana nuna mini agogo ta bayan gilashi. Na ja biro na soke "da ƙasashe suka bayyana". Abin da ya fito daga bakina shi ne: "Jama'a, daga jiya babu sauran makami mai guba a doron ƙasa."

Ban kai Kubwa ba wayata ta yi ƙara. Wani dattijo ne da ya daɗe yana bibiyar shirin, tsohon malamin kimiyyar sinadarai da ya yi ritaya a Garki. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Ɗana, wa ya gaya maka babu saura?"

"Baba, ai hukumar ce ta faɗa da kanta."

"Gangara gefen titi ka karanto mini abin da ta faɗa. Kar ka tsallake ko wasali."

Na tsaya, ruwa yana dukan gilashin mota, na karanta masa. Ina isowa wurin da na soke na ji gumi ya keto mini. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: Masar fa? Ƙasashe 193 ne ke cikin yarjejeniyar. Masar da Koriya ta Arewa da Sudan ta Kudu ba su sa hannu ba, Isra'ila ta sa hannu amma ba ta zartar da ita ba. Babu sufeton da ya taɓa shiga ya ƙirga musu komai. Ni kuwa na tsaya a gaban dubban mutane na wanke su tas.

Wannan ma shi ne mai sauƙin. Da na kwana biyu ina karatu na gane cewa kalmomin da na ɗauka ciko ne, a kansu aka gina yarjejeniyar gaba ɗaya. An buɗe ta don sa hannu a Paris cikin Janairun 1993, ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 1997. Ƙasar da ta shiga tana da kwana 30 ta rubuto abin da take da shi, da inda yake, da masana'antar da ta ƙera shi. Daga nan sufetoci su je su ƙirga, su liƙa hatimi, su ɗebi samfuri, su zauna a wurin lalatawa suna kallo. Ba a yarda a zuba a teku ba, ko a binne, ko a ƙone a buɗaɗɗen rami. Ko dai a ƙone a tanderu na musamman, ko a karya gubar da ruwa da wasu sinadarai. A haka aka lalata tan 72,304. Rasha ce mai kusan tan 40,000, Amurka kusan 28,000, kuma dukansu sun wuce wa'adin ƙarshe na Afrilun 2012. Aiki ne na gaske, ban raina shi ba, kuma lambar yabo ta Nobel da hukumar ta samu a 2013 ta cancance ta.

Amma sufeto rumbun da mai gida ya buɗe masa yake ƙirgawa. Wanda aka haƙa a ƙarƙashin gado wata magana ce daban. Akwai tanadin binciken ba-zata, inda wata ƙasa za ta ce a je a duba wuri kaza a ƙasa kaza, amma tun 1997 babu wadda ta taɓa neman a yi shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, misalan duk ni na karanta su da bakina a shekarun baya. Libiya ta shiga a 2004, ta bayyana kusan tan 25 na gubar mastad. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sabuwar gwamnati ta fito da harsasan atilare cike da mastad waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Siriya ta shiga a 2013 bayan harin sarin na Ghouta, kusa da Damaskus, ranar 21 ga Agusta, bayan ministocin harkokin wajen Amurka da Rasha na lokacin, John Kerry da Sergei Lavrov, sun daidaita a Janeba, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bi da ƙuduri mai lamba 2118. Aka kwashe kimanin tan 1,300, aka lalata mafi haɗarin a cikin jirgin ruwan Amurka mai suna Cape Ray a tsakiyar Bahar Rum a 2014. Sai ga sarin ya kashe mutum fiye da 80 a Khan Shaykhun ranar 4 ga Afrilun 2017, kuma binciken haɗin gwiwa na Majalisar Ɗinkin Duniya da OPCW ya ɗora alhakin a kan gwamnatin Siriya. Rasha ta gama nata a Satumbar 2017. A Maris na 2018 aka sa wa Sergei Skripal, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, gubar Novichok a garin Salisbury na Ingila, Birtaniya ta zargi Rasha, Rasha ta musanta. Duk na san waɗannan. Agogo kawai na kalla.

Ranar Talata na je gidan Baba da niyyar ba da haƙuri, sai na tarar ya shirya mini darasi. Ya aiki jikansa ya ɗauko kwalbar fiya-fiya daga bayan ƙofar kicin, ya ajiye ta a kan tebur tsakaninmu, kusa da kofin shayi. Ya ce wannan da sarin dangi ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi su hana jijiyoyi aiki, ƙarfi ne ya bambanta su nesa ba kusa ba. Masanan Jamus da suka gano sarin a 1938 maganin ƙwari suke nema. Ya ce idan na fahimci wannan kwalbar, zan fahimci dalilin da ya sa ake daɗewa ana ja-in-ja a kan sauya masana'antar makami zuwa ta aikin farar hula.

Wannan ɓangaren ban taɓa saninsa ba, kuma shi ya fi kama ni. Asalin doka a rushe masana'antar ne. Sauyawa alfarma ce da sai ƙasa ta roƙa, kwamitin zartarwa na OPCW ya duba, babban taron ƙasashe ya amince. Dole a fasa injinan da aka ƙera musamman don guba, kuma bayan an tabbatar da sauyin sufetoci suna da damar shiga duk lokacin da suka so har shekara goma. Daga masana'antu 97 da aka bayyana, an rushe 74, an sauya 23. Ta Rabta a Libiya tana cikinsu. Lokacin da Libiya ta shigo wa'adin sauyawa ya riga ya wuce, sai da aka gyara ƙa'idar kafin a ba ta izinin mayar da wurin masana'antar magungunan zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau don Afirka. Ginin da aka dafa mastad a ciki. Na ce Baba, ai wannan ne labarin farin cikin da ya kamata in bayar. Ya ce bayar da shi, amma ka tuna ita ma 97 ɗin waɗanda aka bayyana ne.

Shi ya tuna mini ma cewa Najeriya tana ciki tun 1999, kuma muna da hukumar ƙasa a nan Abuja a ƙarƙashin ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya da ke kula da wannan alƙawari. Ba mu da makamin, amma muna shigo da sinadarai masu fuska biyu, waɗanda ake aikin yau da kullum da su kuma ana iya haɗa guba da su. Da na buga musu waya ko sau ɗaya kafin shirin, da wani ya tare ni.

A wurin aiki an ce in bari, wa zai lura? Har yau wannan amsar tana ba ni haushi. Na nace sai da aka ba ni minti biyu a ƙarshen shirin mako na gaba. Amma magana zarar bunu ce. Wani ya riga ya yanko daƙiƙa 40 na muryata ya saka a WhatsApp. Wata malamar sakandare ta rubuto mini daga Jos cewa ɗalibarta ta kafa hujja da maganata a gasar muhawara, ɗaya daga cikin alƙalan ya tambaye ta Koriya ta Arewa, yarinyar ta tsaya ba ta da amsa. Ta yarda da ni ne. Na kira na ba ta haƙuri ta bakin malamar, amma gasar ta riga ta wuce.

Ga wanda ke fassara irin waɗannan takardu: idan lokaci ya matse ka, yanke sunan gari, yanke muƙamin mai magana, yanke adadi ma in ya zama dole. Kar ka taɓa "da aka bayyana", ko "da aka tabbatar", ko "ya zuwa yanzu". Jakadu sun yi shekaru a Janeba suna jayayya a kan irin waɗannan ƙananan kalmomi kafin a kammala rubutun a 1992. Ni yanzu da jan biro nake zagaye su kafin in fara rage komai.

Da gwamnatin Assad ta faɗi a Disambar 2024, sabon ministan harkokin wajen Siriya, Asaad al-Shaibani, ya je Hague a Maris na 2025 ya yi alƙawarin lalata abin da ya rage. Hukumar ta ce wuraren da za a duba za su iya haura 100. Na yi shirin, na karanta kowace jimla cikakkiya, talla ta jira. Baba ya kira ya ce madalla, ɗana. A wannan makon ne kuma wani ƙanen mahaifiyata ya sake turo tsohon sautin nan a zauren danginmu, ya rubuta Alhamdulillah a ƙarƙashinsa. Na zauna a mota na rubuta masa gyaran tun daga farko, na fara da Masar.