Godiya ga duk wanda ya tsaya wa ɗiyarmu a aikin bincikenta

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi. Alhamdu lillahi, ɗiyarmu ta kare aikinta gaban malamanta na sashen injiniyan gine-gine a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuma an karɓa. Jiki duk ya mutu, amma godiya ba ta jira sai an huta.

Aikin nata gwajin ƙarfin kankare ne da aka rage masa siminti aka sa tokar ɓuntun shinkafa: a zuba dunƙule, a jiƙa su a tankin ruwa, sannan a gwada su. Abin da ba ya barin zukatanmu shi ne asubar da aka leƙa tankin ruwan da ke bayan gidanmu aka tarar ya tsage, ruwa ya tsiyaye, dunƙulen kankare 36 suna zaune a bushe, ga famfo ya ɗauke. Wanda bai san aikin ba zai ce a ƙara ruwa kawai. Siminti yana yin ƙarfi ne muddin yana haɗuwa da ruwa, shi ya sa ake cire dunƙule daga mazubi bayan awa 24 a nutsa shi a ruwa har ranar gwaji. Da yake ba wanda ya san tun yaushe suka bushe, duk lambar da injin da ke danne dunƙule don auna ƙarfinsa zai bayar ba abin dogaro ba ce. Dole a sake zubi, a sake ƙirga kwana 28, kuma ba kuɗin da ke rage kwana ɗaya a ciki.

A safiyar ranar Inna mai koko ta ƙofar masallaci ta ajiye sana'arta, ta juye gangunanta biyu ta wanke, ta sa yaranta suka yi ta jido ruwa daga rijiyar maƙwabta. Ba ta tambayi mene ne bincike ba, ta ga yarinya tana kuka ne kawai. Inna, mun san ba ki son a ambace ki, ki yi haƙuri. Allah Ya ba ki aljanna, Ya shirya miki zuri'a, Ya sa ki sha daga tafkin Alkausara.

Baba mai walda na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kai ma dole mu faɗa. Ka ƙera mazubai masu milimita 150 ta kowane gefe, ka tsaya sai da kowace fuska ta miƙe sumul, domin in fuska ta karkace nauyin injin zai taru a gefe guda, dunƙule ya fashe kafin lokacinsa. Ka ƙi karɓar ko sidi ɗaya, kuɗin Ghana, na aikin hannu. Allah Ya ƙara maka lafiya da kasuwa. Haka ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da malamin da ya duba aikin, Allah Ya saka da alheri.

Ga iyaye masu tambayar amfanin wannan wahala: aikin shi ne a rage siminti a sa tokar ɓuntun shinkafa a madadinsa, kashi 10 da 20 da 30 cikin ɗari, a gwada da wanda ba toka, a kwana 7 da 14 da 28, dunƙule uku-uku kowane karo don kada a yi hukunci da guda ɗaya. A aji an faɗa mata toka tana da amfani. Sai da ta ƙona da hannunta ta gane cewa dole zafin tanderu ya tsaya wajen digiri 600 zuwa 700, in ya zarce sosai tokar ta mutu, ba ta ƙara komai. Ta gane toka tana shan ruwa, kwaɓi ya yi tauri, hannu ya yi ta son ƙara ruwa, alhali ƙarin ruwan nan shi ke kashe ƙarfin kankare. Ta koyi zuba kwaɓi hawa uku tana daddanna kowane hawa da sandar ƙarfe don iska ta fita. Da masu toka suka gaza a kwana 7 ba ta ɓoye ba, ta rubuta yadda ya fito, ta kawo dalili: toka tana jiran farar ƙasar da siminti ke saki ne, don haka ƙarfinta a hankali yake zuwa. Irin wannan hanya cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Fumesua ta bi wajen haɗa siminti da gasasshen yumɓu. Yau in ta tsaya a wurin gini, ta san abin da za ta ce wa magini kafin ya ƙara bokitin ruwa.

Akwai 'yan uwa na jini da suka ce ɓata lokaci ne, ta karɓi takarda kawai, kuma har yau ko waya ba mu samu ba. Allah Ya haɗa kawunanmu.

Allah Ya albarkaci 'ya'yan zango gaba ɗaya, Ya buɗe musu ilimi mai amfani, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Mazuban suna gida an shafe su da mai. Ɗalibin da zai yi irin wannan aiki ya zo ya ara, amma ya fara cika tankinsa ya bar shi ya kwana, ya tabbatar ba ya yoyo.