Me ya sa ba a yin shingen gefen titi da sifirin?

Ina koyar da fiziks, kuma duk lokacin da muka iso kan dokar Hooke, wadda ke bayanin yadda sifirin ke aiki, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Malam, tun da sifirin yana rage zafin duka, me ya hana a jera manyansa a gefen titi su riƙa tare motar da ta ƙwace?" Tambaya ce mai kyau, don haka muka gwada da hannunmu.

Mun haɗa ɗan keken katako mai tayoyi huɗu, muka ɗaura masa wayar salula da ke auna yadda gudu yake sauyawa, muka riƙa sakinsa daga kan allon da aka jingine. A ƙarshen gangaren muka kafa sifirin. Keken ya doke shi, sifirin ya matse, nan take ya cillo keken baya da gudu kusan irin wanda ya zo da shi. Zanen da wayar ta fitar ya yi tsini sosai, alamar duka mai ƙarfi.

Dalilin yana cikin abin da Robert Hooke ya bayyana a 1678: iya yadda ka matse sifirin, iya yadda zai turo ka. Farkonsa laushi, ƙarshensa tauri. Idan aka ba shi tazara ɗaya da shingen da ke turowa da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, to mafi girman dukan sifirin ninki biyu ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne sifirin ba ya cinye makamashi, ajiya yake yi, kuma sai ya mayar. Mutumin da ke cikin mota zai sha tsayawar, ya kuma sha cillawar baya, wataƙila tsakiyar motocin da ke tafe. Ko a ƙarƙashin mota ai ba a barin sifirin shi kaɗai, sai an haɗa shi da shokazoba.

Sai muka cire sifirin muka jera gwangwanayen alminiyam da babu komai ciki. Mun ɗan lotsa gefen kowanne tukuna, domin lafiyayyen gwangwani yakan yi taurin kai da farko kafin ya ba da kai. Keken ya murƙushe su ɗaya bayan ɗaya ya tsaya cak. Zanen ya kwanta, ya yi faɗi. Makamashin ya tafi wajen lanƙwasa ƙarfe, ya koma ɗumi da ƙara, bai dawo kan keken ba.

Lissafin ya ƙara fito da abin fili. Mota mai nauyin kilogiram 1,000 da ke gudun kilomita 72 a awa tana ɗauke da makamashi jul 200,000 (jul ma'aunin makamashi ne). Idan ta tsaya cikin mita 1, jikin fasinja zai ji tamkar an ninka nauyinsa sau 20. Cikin mita 4 kuwa, kusan sau 5. In aka ninka gudun, makamashin sau huɗu yake ninkuwa.

Wannan tunanin ne ya kai John Fitch, ɗan tseren mota na Amurka, ga ƙirƙiro gangunan roba masu yashi, bayan hatsarin tseren Le Mans na Faransa a 1955 da ya kashe abokin tuƙinsa Pierre Levegh da mutane fiye da 80. Gangunan gaba yashinsu kaɗan ne, na baya sun fi nauyi, domin motar ta rasa gudunta sannu a hankali yayin da take watsa yashin.

Sai dai gwangwanin da ya lotse ba ya yin aiki karo na biyu. Da muka sake sakin keken kan waɗanda suka riga suka murƙushe, tsinin ya dawo har ya fi na sifirin. Shi ya sa idan na ga shingen titi da mota ta lanƙwasa an bar shi haka ba a sauya ba, raina yake ɓaci, domin motar da za ta biyo baya ba ta da abin da zai tare ta.